Tambayoyi da Amsoshi Kan Tara Ƙananan Motocin Da a Legas

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawo a bakin 'yan'uwa mazauna Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba da Obalende, waɗanda sha'awar tara ƙananan motoci masu kamannin tsofaffin motoci na gaske ta kama. An jero su daga na sabon shiga zuwa na wanda kabad ɗinsa ya fara cika. An sa musu lamba don a riƙa komawa daga wannan amsa zuwa waccan.

1. Wai ba motocin wasan yara ba ne kawai?

Asalinsu ɗaya, ba a musu. Dinky ta fara a Liverpool a 1934, Matchbox a 1953, Corgi a 1956, Hot Wheels ta Amurka a 1968, kuma duk don yara aka yi su. Yaran ne suka girma suka koma neman abin da suka yi wasa da shi, sai kamfanoni suka fara ƙera wasu musamman don manya.

Bambancin yana wurin aiki. Motar wasa an yi ta ta jure jifa da taku, don haka ba ta da madubin gefe, tayoyinta sun fi ƙarfin jikinta. Ta ajiya kuwa an auna ta daga mota ta gaske, ta shekara kaza, da fentin da kamfanin ya fitar a lokacin, har sitiyari da agogon gudu da lambar bayan but. Juya ta ka duba cikinta: mai kyau za ka ga sunan maƙerin, da sunan motar, galibi har da ma'auninta.

2. Mene ne ma'anar 1:18 da 1:43 da ake rubutawa a kwali?

Sau nawa aka rage motar ke nan. 1:43 na nufin tsawon ƙaramar sau 43 shi ne tsawon babbar. Ɗauki Pijo 504, wadda tsawonta ya kusa mita huɗu da rabi: a 1:18 za ta kai kusan santimita 25, a 1:24 kusan 19, a 1:43 ta ɗan haura 10, a 1:64 kuwa kusan 7. Duk lokacin da lambar baya ta ƙaru, motar raguwa take yi. Sababbin shiga suna yawan juya wannan lissafin, su yi oda suna jiran babba sai a kawo musu 'yar mitsitsiya.

Hot Wheels da Matchbox na yau da kullum ana kiransu 1:64, amma a baki ne kawai. Ana ƙera su ne daidai faɗin kwalin da za a rataye a kanti, shi ya sa za ka ga tirela da ƙaramar mota tsawonsu ɗaya.

3. Da wane girma ya kamata in fara?

Ga mai zaman haya a Legas, 1:43. Kusan duk motar da ta taɓa hawa titi an yi ta a wannan girman, saboda ya samo asali ne tun zamanin jiragen ƙasa na wasa a Turai, kuma masu ƙira ba su taɓa barinsa ba. Guda talatin za su zauna a kanta biyu. Ita 1:18 ta fi cika ido, ƙofofi da bonet suna buɗewa, ana ganin inji, amma guda shida sun cinye maka tebur, ga tsadar dako idan daga waje za a kawo, kamar yadda aka yi bayani a tambaya ta 9. Kowanne ka zaɓa, ka tsaya a kansa. Babu abin da ke ɓata kyan kabad kamar a ga Beetle ta fi bas girma.

4. Waɗanne motoci zan tara? Duk wadda na gani ina so.

Nan ne aljihu ke hujewa. Wanda bai zaɓi layi ba, bayan shekara zai tarar da jan Ferrari uku da bai san tarihinsu ba, ga kuɗi sun tafi. Shawararmu ita ce ka tara motocin da ka san ƙarar injinsu, waɗanda suka taka titunan ƙasar nan.

Jerin ba gajere ba ne. Akwai Pijo 404, musamman a-kori-kurarta da ta yi dakon buhuna da fasinja a kasuwannin ƙauye. Akwai 504 da kamfanin PAN ya harhaɗa a Kaduna, masana'antar da ta fara aiki a 1975. An daina yin salun ɗinta a Faransa a 1983, amma a Kaduna ta ci gaba har wajen 2006, kuma ita ce motar gwamnati tun ƙarshen shekarun 1970. Akwai 505 da ta biyo ta. Akwai Beetle da aka riƙa harhaɗawa nan Ojo, kan hanyar Badagry, tun 1975. Ga Land Rover, ga Datsun 120Y, ga Marsandi W123 ta alhazai, ga W124 da muka fi sani da Bi-but. Mai son tarihi ya je gidan adana kayan tarihi na Onikan ya ga baƙar Marsandi 230.6 da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976. Irin wannan ƙirar, ta dangin W114 da W115, ana samun ƙaramarta a kasuwa.

Amfanin wannan layin shi ne yana da iyaka, kuma yana sa baki magana. Dattijo zai shigo falo ya wuce Lamborghini ko kallo bai yi ba, amma ya ga farar 504 doguwa sai ya ja kujera ya fara ba ka labarin tashar Sabon Gari.

5. Su wa ke ƙera ƙaramar Pijo 404 da 504?

Faransawa ne kan gaba, don motarsu ce. Norev, wanda aka kafa a 1946 kusa da Lyon, yana da Pijo iri-iri a 1:43 da 1:18. Solido ma tsohon hannu ne. IXO na yin na 1:43 masu kyau da sauƙin kuɗi, Welly kuma ya yi 504 a manyan ma'aunai da farashin da bai kai na Norev ba. A cikin jerin tasi-tasin biranen duniya da aka taɓa sayarwa tare da mujalla a Turai, har da 504 mai ruwan ɗorawa ta Legas a 1:43; tana fitowa a gwanjon intanet lokaci-lokaci.

Idan ka ga 404 ko 504 da lambobin tsere da tambura a jiki, ba ƙarya aka zana ba. 404 ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1963, 1966, 1967 da 1968, 504 kuma ta ci a 1975. Na Marsandi da Volkswagen kuwa a nemi Minichamps ko Schuco na Jamus, ko Norev ɗin dai.

6. Danfo da molue fa?

Kada ka ɓata lokaci kana jiran babban kamfani ya fitar da waɗannan bas-bas ɗin haya na Legas. Hanyar da aka saba bi ita ce a sayi ƙaramar bas ta Volkswagen, wadda ke ko'ina a kowane girma, a kwance ta, a fesa mata ruwan ɗorawa, a ja baƙin layi biyu a gefe. Mai haƙuri yana ƙara lotsawa a bamba da rubutun addu'a a gilashin baya, don danfon da ba ta da tabo ba a yarda da ita. Molue, wato babbar bas ɗin, ta fi wuya, domin a kan babbar motar Marsandi 911 aka riƙa gina jikinta da hannu, don haka ƙaramarta ma sai an gina. Wanda ya taso yana haɗa motar kara ko ta langa-langa a gida ya riga ya san rabin aikin. A yi wannan da sabuwar mota mai arha. Dalilin yana tambaya ta 15.

7. Da me ake yin su, kuma wanne ya fi?

Iri biyu ne manya. Na zubin ƙarfe ana narka tutiya da aka gauraya da ɗan alminiyum da jan ƙarfe da magnesiyum, a ɗura a mazubi. Suna da nauyi a hannu, suna da sanyi idan ka taɓa, yawanci ƙofofinsu na buɗewa. Na rezin kuwa wani irin roba ne mai tauri. Layukan jikinsu sun fi fita tsaf, kuma da yake mazubinsa ba shi da tsada, ana yin motocin da ba su da masu saye da yawa. Spark da OttOmobile da shi suka shahara. Aibinsa: galibi ba abin da ke buɗewa, yana karyewa idan ya faɗi, siririn gilashinsa kuma yakan ɓamɓare a zafi. Ga gida mai yara da zafin Legas, na ƙarfe ya fi haƙuri, duk da yana da tasa cutar da ke tambaya ta 12.

8. A ina ake samu a Legas?

Sababbi masu sauƙin kuɗi irin su Maisto, Bburago, Welly, Majorette da Hot Wheels suna zuwa manyan kantuna na Ikeja da Lekki da Victoria Island, a ɓangaren kayan wasa, sun fi yawa dab da Kirsimeti. Masu sarin kayan wasa na Idumota da Balogun ma suna da su, sai dai a gauraye da na roba marasa suna.

Daɗin harkar yana gwanjo. A Katangua ta Abule Egba, da Yaba, da Aswani ranar Talata, ana zazzage buhunan tsofaffin kayan wasa daga Turai a kan leda a ƙasa. Ka tsuguna ka tona, tsakanin 'yar tsana mai hannu ɗaya da bindigar ruwa sai ka ji wani abu mai nauyi, ka juya ka ga an rubuta Lesney, England. Tsohuwar Matchbox ce ta kafin kamfanin ya durƙushe a 1982. Je da sassafe, kada ka nuna zumuɗi, ka haɗa ta da wasu tarkace biyu ka yi ciniki a dunƙule. Sauran kuma shafin saye da sayarwa na Jiji da Instagram da zaurukan WhatsApp ne. A nan ƙa'ida ɗaya ce, a gani kafin a biya, ko a nemi bidiyon motar ta kowane gefe har da ƙasanta.

9. Idan zan yi oda daga waje, me zan lura da shi?

Kuɗin motar ba shi ne kuɗin ba. Ka haɗa da dako, da canjin dala na ranar, da kuɗin fito na kwastam idan ya hau. Kamfanonin dako suna lissafi da girman kwali ba nauyi kaɗai ba, don haka 1:18 guda ɗaya dakonta na iya kamo kuɗinta. Ya fi sauƙi ka tara guda huɗu ko biyar wurin mai sayarwa ɗaya a turo su tare, ko ka roƙi ɗan'uwa mai dawowa daga Ingila ko Dubai ko Guangzhou ya saƙa maka a jaka. Ka ce wa mai sayarwa ya ɗaure motar da kusoshinta a kan gindinta, ya sa kwalinta cikin wani kwalin. Abin da ya fi karyewa a hanya madubin gefe ne da eriya.

10. Na ga an rubuta China a ƙasanta. Jabu ce?

A'a. Yawancin motocin ajiya na yau, har na kamfanonin Jamus da Faransa masu tsada, a China ake ƙera su. Hot Wheels da yawa daga Malesiya suke, Matchbox da Majorette daga Thailand. Jabu ana gane ta ne da rashin sunan maƙeri, fenti mai kauri da ya cike layin ƙofa, tambarin mota a karkace, da sunan da aka sauya wa harafi ɗaya.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne sabon bugun Dinky. Kamfanin Atlas ya sake fitar da tsofaffin samfura da izini, cikin kwali mai kama da na da sak. Ba jabu ba ne, suna da kyau, amma ba tsofaffi ba ne. Masana'antar Dinky ta Liverpool ta rufe a 1979. Duk Dinky da ka ga China a ƙasanta ba ta fito daga can ba, kada a karɓi kuɗin tsohuwa a hannunka.

11. Yaya zan kare su daga danshin Legas?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita aka fi yi a makare. Wanda ya saba da Kano ko Sakkwato ƙura ya sani. A nan laima ce, daga Afrilu zuwa Yuli, ta sake dawowa Satumba da Oktoba, ga iskar gishiri ga na kusa da teku kamar Lekki da Ajah. Tana sa sandar taya tsatsa, ta dusashe walƙiyar bamba, ta ɗaga tambura, ta sa kwali fumfuna.

Kabad mai gilashi da ke rufewa ruf shi ne farko. Kada a jingina shi da bangon da ruwa ke duka ta waje, a bar tazarar tafin hannu. A ɗaga shi daga ƙasa, don wanda ya taɓa kwana yana kwalfar ruwa a ɗaki ya san dalili. A zuba 'yan ƙunshin tsotse danshi, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, a kowace kanta. Ana sayar da mai sauya launi idan ya ƙoshi, sai a gasa shi a wuta kaɗan a mayar. Ƙaramin agogon auna danshi ba shi da tsada, ka yi ƙoƙari ya zauna ƙasa da kashi 60. Rana kada ta faɗa kansu kai tsaye, jan fenti ne ke fara koɗewa. Fitila a ciki ta zama LED, wadda ba ta zafi.

Sai abubuwa uku na gidajenmu da littattafan Turawa ba za su faɗa maka ba. Turaren wuta: hayaƙinsa yana kwanciya a fenti ya yi danƙo, sai a rufe kabad kafin uwargida ta sa garwashi. Maganin sauro na feshi: yana sa gilashin roba ya yi hazo, ba ya kuma gyaruwa. Kafur: kada a jefa shi cikin kabad don korar kyankyasai, tururinsa yana cin wasu robobi. Hayaƙin janareta ma a nisanta shi da tagar ɗakin.

12. Motata ta fara tsattsagewa da kanta, ƙofa ta ƙi rufuwa. Me ya faru?

Cutar tutiya ce. Idan dalma ko wani datti ya shiga ƙarfen tun wurin narkawa, bayan shekaru sai ya riƙa kumbura daga ciki. Alamar farko ƙuraje ne a ƙarƙashin fenti, sai siraran tsagu, sai bonet ya daina zama daidai, ƙarshe ta ruguje a hannu. Ta fi kama Dinky na kafin yaƙin duniya na biyu, amma ta bayyana a wasu na shekarun 1990 da 2000 ma. Ba ta da magani, ba ta kuma yaɗuwa zuwa ta kusa da ita. Danshi da zafi suna hanzarta ta, don haka matakan tambaya ta 11 suna jinkirta ta. Wurin saye, duk wadda ka ga ƙofarta ta kumbura ko ƙasanta ya lanƙwashe, ajiye ta ko nawa aka rage.

13. Da me zan goge su? Kuma me ya sa taya ke manne wa katako?

Burushin kwalliya mai laushi, sabo, ya isa ga ƙura. Idan datti ya kama, ɗan tsumma mai laushi da ruwa kaɗan, a busar nan take. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da tina. A ɗauke ta ta ƙasa, ba ta ƙofa ko madubi ba. Abin da ya ɓalle a manna shi da farin gam na katako. Sufa-gulu yana barin farin tabo a gilashi.

Tayar kuwa, man da ke sa robarta laushi ne ke tsattsafowa a zafi, ya narka fentin katako ko robar da take kai. Sa ɗan gilashi ko takarda marar launi a ƙarƙashi. Masu nauyi na 1:18 a tallafe su ta ciki da ɗan toshe don kada tayoyin su baje. Saboda wannan dalilin ne ba a naɗe mota da leda kai tsaye.

14. In jefar da kwalin?

Kada ka kuskura. Tsohuwar mota da kwalinta na asali takan fi wadda ba ta da shi daraja nesa ba kusa ba, kuma ranar tashi daga gida shi ne zai cece ta. A adana kwalaye cikin babbar robar ajiya mai murfi, da abin tsotse danshi, sama da ƙasa, nesa da gara.

15. Na samu tsohuwa duk ta ƙwarzane. In sake mata fenti?

Dakata tukuna. Masu tara tsofaffi sun fi son fentin asali da tabonsa a kan sabon fenti mai sheƙi, kuma da zarar ka kankare shi ba ya dawowa. Nemi sunanta da lambarta a intanet ka ga ko mai wuyar samu ce. Idan gama-gari ce kuma ta riga ta lalace, to bismilla, da irinta ake koyon hannu. In ka tashi sayarwa ka faɗa cewa an sake fenti; ɓoyewa algus ne.

16. Ya halatta a ajiye su a gida? Akwai zakka a kansu?

Maganar hani a kan sura ta shafi abu mai rai ne, mota kuwa ba ta da rai, kamar hoton gida ko bishiya. Wasu samfuran suna zuwa da ɗan mutum-mutumin direba a ciki. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba yana iya cire shi, ko ya sayi marar shi, su ne ma suka fi yawa. Abin da ya fi cancantar tsoro shi ne almubazzaranci: kuɗin cefane ko na makarantar yara ba na Norev ba ne.

Zakka kuwa, abin da aka ajiye don amfanin kai ko ado ba a fitar masa. Wanda ya saye su da niyyar kasuwanci, sun zama haja, hukuncin haja ne a kansu idan sun kai nisabi shekara ta zagayo. Don yanayinka na musamman, ka zauna da malamin unguwarku.

17. Za a iya ɗaukarsu a matsayin jari?

Ba mu ba da wannan shawarar ba. Labaran da ake ji na motar da aka sayar da maƙudan kuɗi na 'yan ƙalilan ne, tsofaffi, a kwalinsu, a kasuwannin Turai da Amurka masu dubban masu saye. A Legas masu neman ba su da yawa, ranar da ka matsu za a taya maka abin da zai ɓata maka rai. Maisto da Bburago ana buga su da yawan gaske, ba sa tashi. Abin da ke riƙe daraja shi ne wanda aka buga kaɗan aka daina, yana da kwali kamar yadda aka faɗa a tambaya ta 14, kuma danshi bai taɓa shi ba.

18. Yara sun matsa sai sun taɓa, kuma ina so in kai wasu gida Arewa. Yaya zan yi?

Yaro ba zai ga mota a gilashi ya haƙura ba. Saya masa nasa Hot Wheels ko Majorette ya yi ta tuƙi a tsakar gida, naka kuma a sa makulli. Ƙananan sassa kamar madubi da taya haɗari ne ga mai rarrafe, yana iya haɗiyewa.

Tafiya kuwa, kowace mota ta koma kwalinta a ɗaure. Wadda ba ta da kwali a naɗe ta da takarda mai laushi, sannan tsumma, a jera cikin roba mai murfi yadda ba za su gogi juna ba. Riƙe su a jakar hannu; kada su shiga but ɗin bas tare da buhuna, kada kuma a bar su gaban gilashin mota a rana, robar ciki tana lanƙwashewa. Can gida bushewar iska za ta yi musu daɗi, sai dai ƙurar hunturu tana shiga ta ko'ina, don haka a liƙa siririn soso a bakin ƙofar kabad ɗin kafin Disamba.